Ƙwayoyin da na rama wa Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. 'Yan uwa na wannan zaure, don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ina yi musu addu'a, yau ga tawa ta kawo ni. Sunayen da zan ambata duk ba na ainihi ba ne.

Da ƙarar cokali abin ya fara. Mun zauna shan ruwa, azumi na shida, na miƙa wa maigidana kunu a kofin silba, sai na ji cokali na ta bugun gefen kofin, kar-kar-kar, kamar yaro ne ke wasa da shi. Na ɗaga kai, ashe hannunsa ne ke rawa. Ya ga na gani, sai ya ajiye kofin a kan tabarma ya ce, "Rana ce ta yi mini duka a fadama, ba komi." Ni kuma na yarda, domin a azumin nan, wanda shi ne na farko bayan an ba mu jihar Kebbi, an yi zafin da ko tsoho zai ce ya daɗe bai ga irinsa ba, ga shi lokacin cirar albasa ne.

Bari in koma baya kaɗan don ku fahimta. Ni 'yar Maiyama ce, na gama sakandare aka yi mini aure a Aliero, da son raina. Maigidana, wanda nake kira Malam, manomin albasa ne kuma yana kai ta Kurmi, asalin gidansu Jiga Birni. Mutum ne mai raha, mai tsoron Allah, amma yana da lalura ta ƙwaƙwalwa, irin wadda idan ta taso sai ya daina barci, ya yi ta zuba magana, ya ce zai saye albasar garin duka, idan kuma ta kwanta sai ya yi makonni ba ya son ko fita ƙofar gida. Bai ɓoye mini ba, tun kafin a ɗaura aure ya nuna mini tabon mari a ƙafarsa, na lokacin da aka kai shi wurin wani mai magani aka ɗaure. Daga baya Allah ya haɗa su da likita a Sakkwato, ya ɗora shi kan wata ƙwaya da ake kira litiyam, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya samu lafiya ras. Ranar da na raka shi asibiti likitan ya dube ni ya ce, tun da amarya ta yi boko ita za ta riƙe maganin, kada ta bari ya tsallake ko ɗaya. Na riƙe maganar nan kamar karatu. Gwangwanin maganin a cikin kwallata yake zama, Malam har tsokanata yake, yana ce mini likitar gida.

Ana saura mako biyu azumi suka yi lodin albasa shi da yayansa, wanda za mu kira Baffa, suka tafi Kurmi. Na ƙulla masa maganin tafiya a leda, cikin gaggawa ya bar shi a aljihun rigar da ya cire. Mota ta lalace musu a hanya, tafiyar kwana biyar ta zama ta kwana goma sha biyu, duk ba magani. Da ya dawo na ga alamar da nake tsoro, idonsa ya yi wani haske, yana magana ba ya jiran amsa, yana cewa baɗi sai ya sayi mota tasa ta kansa guda uku. Tabon ƙafarsa kawai nake gani. Na zauna na lissafa, ƙwaya ashirin da huɗu ta wuce shi. A yadda aka rene ni, abin da ya wuce ka na wajibi ramawa ake yi, salla ana ramawa, azumi ana ramawa, ko allurar yara idan ta wuce ana komawa a karɓa. Wallahi ban yi shawara da kowa ba don ban ga abin shawara a ciki ba. Sai na mayar da ledar cikin gwangwani, na fara ba shi biyu da sahur, biyu bayan shan ruwa. Ranar farko ya juya su a tafin hannu ya ce, "Yau kuma biyu? Mi ya faru?" Na ce ramuwa ce. Ya yi dariya ya ce, "Ke da ramuwa, Allah ya sa dai ba ki rama mini tuwon da ban ci ba a Kurmi." Ya yi bisimilla ya haɗiye. Bai ƙara tambayata ba, domin ya yarda da ni.

Bayan rawar hannun nan sai amai da gudawa suka biyo baya. Na ce zafi ne da ruwan fadama. Na roƙe shi ya ajiye azumi, ya ƙi, ya ce shi da yake ganin watan nan sau ɗaya a shekara. Abin da ya fi ci mini rai har yau, idan ya sha maganin ya yi amai, sai in ce ai ƙwayar ta fita, in sake ba shi wata. Da hannuna, ina tofa masa addu'a. Ranar azumi na goma ya miƙe zai yi alwalar la'asar sai na ga yana tangaɗi kamar wanda ƙasa ke juya wa, harshensa ya yi nauyi, ya kira sunan ɗanmu Nura, wanda lokacin yake shekara biyu, sunan ya kasa fita daidai. Kafin magariba ya faɗi yana fizge-fizge. Aka ɗauke shi zuwa Jega, suka ƙara masa ruwa, washegari suka ce a wuce da shi Sakkwato.

A can ne aka ɗebi jininsa, likita ya kira ni da Baffa cikin ofis, ya ce a kawo gwangwanin maganin. Ya yi mana bayani da Hausa tsaf, ya ce maganin nan ya taru a jinin Malam fiye da kima har ya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, ya ce shi litiyam tsakanin inda yake warkarwa da inda yake zama guba ɗan taƙi ne, ko ƙishirwa da gudawa kaɗai suna iya sa ya taru, balle a ƙara yawansa. Yana faɗa, a take na gane abin da na aikata. Sai ya zazzage gwangwanin a kan tebur ya ƙirga, ya duba ranar da aka ba da maganin a kati, ya ce lissafi ya kusa daidai. Nan Baffa ya ce a'a likita, ai kwana goma sha biyu muka yi da shi a hanya bai sha ko ɗaya ba, ni shaida ne. Baffa gaskiya ya faɗa, Allah ya jiƙansa. Likita ya sake ƙirgawa, ya ce to ina na kwana goma sha biyun suka tafi? Ya tambayi Baffa ko Malam ya taɓa cewa ya gaji da duniya, Baffa ya ce lokacin da ciwon ke kwantar da shi, shekarun baya, ya sha faɗa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malama, a hannun wa maganin yake zama?"

Na ce, "A ɗakinsa yake."

Kalma uku. Shekarata ashirin da biyu lokacin, abin da ya zo mini a rai shi ne za a ce na kashe mijina, a kira 'yan sanda, a ƙwace Nura a kai shi Jiga Birni. Likitan ya juya ya yi wa abokin aikinsa magana da Turanci, yana zaton ba na ji, na ji kalmar da ke nufin da gangan, na ga ya sunkuya ya rubuta. Ina tsaye ina kallon biron na tafiya, bakina a rufe. Na ce a raina idan Malam ya farfaɗo shi zai faɗa da bakinsa, ya kare ni, a gyara. Malam bai farfaɗo ba. Kwana huɗu ya yi, sau ɗaya ya buɗe ido ya dube ni leɓensa na motsi, na kanga kunnena ban ji komai ba sai numfashi. Har yau ban sani ba ko yafe mini yake yi ko tambayata yake. Ya cika ana saura kwana goma sha biyar salla.

Baffa ya ce a rufe maganar, amma mutum uku ya gaya wa, kun san kuwa abin da mutum uku suka sani gari ya sani. Aka ce mini limamin unguwa ya ce ƙafarsa na ciwo, ya tura wani ya ja sallar gawa. A zaman takaba na lura da wani abu da ba zan manta ba, mata za su shigo su ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari, idan suka zo wurin Allah ya jiƙansa sai muryar ta yi ƙasa, wasu su tsallake gaba ɗaya. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai kirki, ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa, "Ɗiyata, ki yahe mishi, ya bar ki da maraya." Ita ke roƙona in yafe masa. Na sunkuyar da kai na ce na yafe.

Bayan na fita takaba na aika aka tambayar mini wani malami a Maiyama hukuncin wanda ya yi sanadin rai bisa kuskure, kamar maganar wata mata ce daban. Aka ce azumin wata biyu a jere. Na yi shi, mutanen gida na cewa baƙin ciki ne ya mayar da ni sufiya. Na zaci da haka na sauke. Na rene Nura, na sake aure, mijin ya rasu, ban ƙara haihuwa ba. Yanzu a Jega nake zaune a gidan Nura, da matarsa da 'ya'yansa uku. Shekara talatin da 'yan kai ina tashi ina roƙa wa Malam gafara, alhali na san wadda ke buƙatar gafarar.

Shekara huɗu da suka wuce lalurar mahaifinsa ta bayyana a jikin Nura. Aka yi ta gwaje-gwajen magani, a ƙarshe wanda ya karɓe shi shi ne litiyam ɗin nan dai. Ranar da na ga sunan a jikin kwali sai da na zauna a ƙasa. Yanzu zamani ya canza, ana auna jininsa a kai a kai, an ba mu takarda mai ɗauke da dokoki, ya sha ruwa sosai, kada ya sayi maganin ciwon jiki a kemis, idan amai ko gudawa ta kama shi a tsayar a zo asibiti, kuma an ja layi a ƙarƙashin cewa idan ya manta bai sha ba kada a haɗa masa biyu. Nura ya ɗauko kwalin ya sa a hannuna ya ce, "Inna, ke za ki riƙe, ke kaɗai na yarda ba ki kuskure." Akwai ranar da ya kwana Aliero bai sha ba, matarsa ta ce to a ba shi biyu mana ya rama, na yi mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, yarinyar nan ta shige ɗaki tana kuka, har yau ba ta san laifin da ta yi ba. Na ba ta haƙuri, amma ban gaya mata dalili ba.

Bara Baffa ya rasu. Da ake fitar da takardunsa daga akwati aka ga wata ta asibiti mai sunan Malam, aka ba Nura a matsayinsa na ɗa. Shi abin da na gaya masa tun yana yaro, zazzaɓi ne ya kashe mahaifinsa, duk da na san yana jin ƙishin-ƙishin. Rubutun likita ya koɗe, ba ya karantuwa sosai, amma a ƙasa akwai harafin E da wasu lambobi da aka rubuta da jan biro. Ranar kilinik ɗinsa muka tafi tare, ban san takardar na aljihunsa ba, sai ga shi ya miƙa wa matar da ke ofishin fayil, wata dattijuwa da ta daɗe a aikin, ya ce ta fassara masa. Ta sa tabarau ta duba ta ce wannan tsohon tsari ne, amma ta san shi. Ta ce su aikinsu, duk abin da likita ya rubuta a fayil suna mayar da shi lamba, kuma idan magani ya yi wa mutum illa lambar ba ɗaya ba ce. Akwai ta wanda ya sha daidai yadda aka ce amma ya cutu, akwai ta wanda aka yi kuskure, ko shi ko mai ba shi, akwai ta wanda ya sha da niyyar halaka kansa, har akwai ta inda ba a tabbatar ba. Ta ce mai sa lamba ba ya ƙirƙira, abin da likita ya rubuta yake bi, likita kuma abin da 'yan uwa suka gaya masa. Nura ya ce to wannan fa wacce ce? Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ya fi kyau likita ya yi masa bayani. Ya ce, "Na gane, Hajiya, na gode." Ya ninke takardar. Muka kamo hanyar gida.

Tun daga ranar ɗana ya canza. Da, duk Juma'ar da ya samu sarari yakan je Aliero ya ziyarci kabarin mahaifinsa, ya daina. Mun yi sa-in-sa sau biyu, yana cewa na yi masa ƙarya shekara talatin, na ce don in kare shi ne, ya ce ya fahimta, ba ya ganin laifina, wai na sha wahala da mutumin da ya zaɓi ya gudu ya bar mu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata magana da ya fara yi cikin sanyin murya, ba da faɗa ba. Zai ce ciwo ɗaya, magani ɗaya, jini ɗaya, to me zai hana ƙarshe ya zama ɗaya. Ranar nan na same shi zaune yana kallon 'ya'yansa na cin abinci, ya ce, "Inna, ashe shi ma haka ya dube ni, bai fasa ba."

Likitansa ya kira ni ni kaɗai. Ya ce ya ga takardar, an shigar da tarihin mahaifin cikin fayil ɗin Nura, domin wanda ubansa ya yi haka ana ƙara sa masa ido. Yanzu maganin mako ɗaya kawai suke ba mu, ya ce in kawar da maganin feshi daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai ya daɗe. Sannan ya ce, "Hajiya, ke kina wurin lokacin, akwai wani abu da kika sani wanda ba ya cikin takardar nan?" 'Yan uwa, Allah ya sake ba ni dama a karo na biyu, a ofis irin wancan, da tebur irin wancan. Na ce babu.

Bayan kwana biyu na koma wurin dattijuwar ofishin fayil, na ce wata ƙawata ce ke tambaya, idan aka rubuta wa mamaci abin da ba haka ba ne, ana iya gogewa? Ta ce fayil ba a goge shi, sai dai wanda ya san gaskiya ya zo ya faɗa wa likita, likita ya rubuta ƙarin bayani ya sa hannu da kwanan wata, sannan a gyara abin da aka shigar a na ɗan. Ta ce na mamacin mai yiwuwa ma gara ta cinye shi tuntuni, amma na mai rai yana nan, kuma mai fayil yana da haƙƙin ya san abin da ke ciki. Ta cire tabarau ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki kada ta daɗe." Na kuma tambayi malamar Islamiyyarmu, ita ma a kaikaice, ta ce azumin kaffara tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, amma sunan mutum da aka ɓata haƙƙinsa ne, azumi ba ya wanke shi.

Ga inda na tsaya. Idan na faɗa, wataƙila dutsen nan ya sauka daga ƙirjin Nura, ya san mahaifinsa bai guje shi ba, mutum ne da ya faɗi da azumi a bakinsa yana shan abin da matarsa ta miƙa masa. Amma kuma wanda zai ji wannan magana marar lafiya ne, kuma hannun da ya kashe ubansa shi ne ke miƙa masa ƙwaya safe da yamma. Idan ya ce ba zai ƙara karɓa daga gare ni ba, da sauƙi, matarsa na nan. Idan ya ce ya bar maganin gaba ɗaya fa? Idan jin hakan ne ya tunkuɗa shi inda nake tsoro? Mutanen Jiga Birni kuwa, abin da za su ce a kaina na daina damuwa da shi, na cancanta, tsohuwar da ya kamata in durƙusa wa ta riga ta tafi da zaton ɗanta ɗan wuta ne. Idan kuma na yi shiru, ina kallon yarona yana auna kansa da wata lamba da ni na sa aka rubuta.

Ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, in fara gaya wa likita ne shi ya san yadda zai sanar da Nura, ko wannan maganar uwa da ɗa ce, daga bakina ya kamata ya ji? In jira sai jikinsa ya ƙara ƙwari, ko jiran ne haɗarin? Malamai, dole ne in tara dangin Malam in wanke shi a gabansu, ko ɗansa ya isa? Wanda zai zage ni ya zaga, ba zan ji haushi ba, amma don Allah bayan zagin ya gaya mini abin yi.

Abin da ya sa na kasa ƙara kwana ban rubuto ba, shekaranjiya aka kai yara suna a Jiga Birni. Da suka dawo, jikata ta tsakiya, 'yar shekara shida, ta same ni ina tsince shinkafa, ta zauna a jikina ba ta ko cire hijabi ba. Ta ce, "Inna, yaran gidan Baffa sun ce kakanmu shina wuta, wai shi ya kashe kanshi. Ni ko na ce musu ƙarya ne, Innarmu tana wurin, bari in koma gida in tambaye ta, ita ba ta ƙarya."